Jirgin da Ba Ya Yoyo

Ina da jirgin kamun kifi, kuma ba yabon kai ba, daga gadar Tamburawa har inda kogin Challawa ya gaji ya kwanta, babu na biyunsa. Ɗan kwalekwale ne, in mutum uku suka shiga dole ɗaya ya riƙe numfashi. Amma yana da rumfa, yana da kujera mai majingini, da fitilar sola, da jarkoki a kowane gefe, har da madubin adaidaita sahu, ko da yake ba a taɓa samun wanda ya nemi ya wuce ni a kan ruwa ba. In na taho, masu wanki a bakin kogi sai su tsaya kallo da sabulu a hannu. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko jirgin Makka ne ya faɗo.

Sai dai akwai huda a cikinsa, a ƙasa, daidai gaban kujerar. Ba ƙusa ce ta zame ba, ba katako ne ya ruɓe ba. Ni na huda da hannuna, ina cikin hankalina, saboda mutum ɗaya: Ilu, ɗan gwaggota, wanda nake so ya sake shiga jirgin nan ko da sau ɗaya ne. Duk wanda na gaya wa haka sai ya kwashe da dariya, ya ce Habu ya fara. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya saba cewa ya kama tarwaɗar da aka shanya wanki a kan gashin bakinta, ranar da ya faɗi gaskiya ba mai saye. To, wannan dai gaskiya ce, kuma tushenta yana wajen kakata.

Sunanta Tabawa, mu Iya muke ce mata. Ƙauyenmu yana bakin kogi, bayan kamfanonin Challawa. Lokacin da nake yaro rabin mazan garin masunta ne, rabi kuma sun rataye birgi, wato ragar da ake jefawa, sun sa takalmin roba sun shiga aikin fata da na masaƙa. Babana yana cikin waɗanda suka rataye. Da la'asar zai hau kekensa ya tafi aikin kwana, sai gida ya zama namu: ni, da Ilu, da Iya, da hayaƙi.

Sana'ar Iya banda. A bayan ɗakinta akwai rabin ganga da aka ɗora wa ragar waya, a kai take jera karfasa da tarwaɗa, kowace tarwaɗa an lanƙwasa ta an soke mata jela a baki kamar za ta haɗiye kanta. Banda ba ta son gaggawa, ba ta kuma son a ba ta baya. In wuta ta tashi kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. Dole bayan sallar isha wani ya zauna gadi, Iya kuwa ta san babu igiyar da ke ɗaure yaro wuri ɗaya kamar tatsuniya. Ni ke tura itace, Ilu ke juya kifi, kyanwar gidan tana sa mana ido mu duka. Na sha gaya wa mutane cewa ni tun ina ɗan shekara bakwai na fara aikin kwana, kuma kamfanin da ya ɗauke ni bai taɓa biyana da komai ba sai kan kifi.

Ilu ɗan 'yar Iya ne, ni ɗan ɗanta, taubasai ke nan. Uwarsa ta yi aure can nesa ta bar shi wajen Iya, muka tashi a tabarma ɗaya. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, sai dai Bawana. Shi ma Bawana yake ce mini, har yau ba a yanke hukuncin wanda ya sayi wani ba. Ni surutu, shi shiru. In na ɗauko labari aikinsa ɗaya ne: ya saurara tsaf, ba ya katse ni, sai na kai ƙarshe ya ce, "Ƙarya ne." Ba ƙari, ba ragi. Na zauna a majalisu da yawa, an yi mini dariya har da faɗowa daga benci, amma ban taɓa samun mai sauraro irin mutumin nan ba.

Ni kuwa Iya mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika. Wai ta yi dacen miji, ga baki ga ci, cefane ne kawai bai iya ba.

Ko yanzu na rufe ido ina ganin wurin. Fitilun kamfanoni can nesa sun sa gindin sama ya yi ja. In iska ta juyo mu sha warin fata, in ta koma ƙanshin banda ya karɓi gari. Kwaɗi suna ta musu a fadama. Iya tana zaune kan turmi a kife, zaninta ya sha hayaƙi har ya manta launinsa, idonta kullum da ruwa-ruwa, ba ka sanin ko hayaƙin ne ko wani abu daban. Tana jira sai jiniyar canjin aiki ta yi kuka ta gama, don ta ce ba za ta yi gasar murya da ƙarfe ba, sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu ce ta shigo, mun yi mata shimfiɗa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda ta maƙale mini ita ce ta Jatau da Mati. Kafin in kawo ta sai na yi wa 'yan birni bayanin abu ɗaya. A wurinmu ba a san jirgin da ba ya yoyo ba. Katako ne aka haɗa da ƙusa aka cusa tsumma a tsakani, ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Saboda haka kowane jirgi na mutum biyu ne. Mai jirgi yana gaba, shi ke tuƙi shi ke jefa birgi. A bayansa akwai mai kwarfa da ƙoƙonsa, yana ɗibar ruwan da ya shigo yana watsarwa. Yawanci mai kwarfa tsoho ne da ƙarfi ya ƙare masa, ko mai lalurar ƙafa, ko wanda ya tashi daga jinya. In an dawo, a kasa kifi uku: na jirgi, na birgi, na ƙoƙo. Haka muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

To, in ji Iya, an yi wani masunci Jatau, da yayansa Mati mai yi masa kwarfa. Jirgin Jatau ya kai maƙura wajen yoyo, har ƙananan kifi kan shigo ta ƙasa su gaida 'yan'uwansu na cikin kwando su fita. Mati ya tsufa, bayansa ya fara lanƙwasa, kullum in ya sunkuya da ƙoƙo sai Jatau ya ji ƙashinsa yana ƙara. Abin ya dami Jatau. Ya ce a ransa ba zai zuba ido ɗan'uwansa ya ƙare a sunkuye ba.

Sai ya ja jirgi tudu. Ya shiga daji ya ɗebo ƙaro, ya roƙi kakin zuma wajen masu amya, ya samo kitsen rago da tsumman tsohon bante, ya haɗa a kasko ya dafa. Nan Iya takan ɗauki muciya tana juya iska, tana yamutsa fuska wai wari. Ni kuma ba na iya yin shiru, na tambaye ta ko har da tuwo aka zuba.

"Har da tuwon uwar mijina," in ji ta. "Allah ya jiƙanta, tuwonta ya fi ƙusa riƙo."

Jatau ya bi kowace kafa ya liƙe. Da gari ya waye suka shiga ruwa, Mati ya zauna wurinsa da ƙoƙo a hannu yana jira. Shiru. Ya ɗaga ƙafa ya duba, ya shafa katako, a bushe ƙamas. Jatau ya waiwayo yana murmushi ya ce masa daga yau ya huta. Mati ya ɗora ƙoƙon a gwiwa. Can ya kifa shi a ka. Can ya sauke ya ajiye a gefe, ya rasa inda zai kai hannuwansa. Da suka dawo Jatau ya kasa kifi uku kamar kullum, ya tura masa kason ƙoƙo, har ya ɗora masa babba a kai. Mati ya dubi kifin, ya dubi hannunsa da ko jiƙewa bai yi ba, ya ɗauka ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai ya aiko wai zazzaɓi. Daga nan wai ya yi baƙi. Daga nan ya daina aikowa. In Jatau ya kai masa kifi har gida, sai a ce yana barci.

Jatau ya zauna ya yi tunani, ya ce lalle zaman jirgin ne babu daɗi. Ya kafa rumfar zana. Mati bai zo ba. Ya shimfiɗa buzu mai laushi. Bai zo ba. Ya rina jirgin da shuni, ya rataya ƙararrawa a hancinsa. Mutane suka riƙa tasowa daga garuruwa don su ga jirgin da ba ya yoyo, suna cika bakin kogi, kowa na sa albarka. Mutum ɗaya ne bai taɓa leƙowa ba.

Ran nan Jatau ya jefa birgi sai ya rufe giwan ruwa, irin wanda in ya juya kogi kan canza hanya. Ya ja, ya ja, har kan kifin ya fito. Murna ta kama shi, ya waiwaya ya ce, "Yaya, ka ga..." Ba kowa sai ƙoƙo a kan buzu.

A nan Iya takan yi ƙasa da murya, don kifin ne zai yi magana. Ya ɗora haɓarsa a bakin jirgi, ya leƙa ciki, ya ce, "Kai kaɗai ne? To in ka kai ni gida, wa zai ce ya ga yadda aka yi?" Jatau ya saki igiyar. Kifi ya nutse da birgin gaba ɗaya.

Da ya koma gari ya ba da labari. Mutane suka gyaɗa kai, idonsu na kan rumfa da ƙararrawa. Ba wanda ya ce gaskiya ne, ba kuma wanda ya damu har ya ce ƙarya ne. Iya ta ce har yau Jatau yana kan ruwa, jirginsa a bushe, in mun ji ƙararrawa da asuba ta wajen kogi, shi ne. Sai ta kakkaɓe zani ta ce, "Ta koma ruwa, ta bar mana laka."

Ranar da muka fara jin ta, ni ban ga abin tausayi ba. Na ce wannan Mati ai ba shi da wayo. A ba ka inuwa, a ba ka buzu, a ba ka kifi ba ka yi aikin komai ba, ai ni wannan shi ne burina a duniya. Iya ta ce shi ya sa har yanzu ta ƙi tarewa a gidana. Ilu bai yi dariya ba. Yana riƙe da sandar juya kifi, ya ce, "Iya, me ya sa bai cire ƙusa ɗaya ba?"

Iya ta dube shi. Ta ce, "Ba wanda ya gaya masa. Juya kifin nan, Ilu, kai kaɗai ka iya juya shi bai fashe ba."

Shekaru suka tafi da Iya, suka tafi da Baba, jirgin gidanmu ya dawo hannunmu. Ni ke jefa birgi, Ilu ke kwarfa, don shi in ya jefa birgi sai ka ce mace ta yi fushi ta watsar da wanki. Kifi ba ya riƙe gida yanzu, dole muka nemi aiki. Ni na samu a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ina tuƙa injin ɗaga kaya. Ilu ya samu a Bompai, wajen masu yin alewa. Amma duk ranar Lahadi muna kogi. Ruwan ya canza, wata rana ja, wata rana shuɗi, har na taɓa kama karfasar da ta fito da zanen atamfa. Sai muka matsa can sama, gaban inda magudanan kamfanoni ke zubowa. Mashigin da a da jirage ke jere kamar takalma a ƙofar masallaci ya koma namu mu kaɗai. Maiɗakina ta rasu, 'ya'yana mata suka tafi gidajensu, na koma ɗaki ɗaya a Sharaɗa, ni da rediyo. A teburin mai shayi ni ne sarki, kowa na jiran in buɗe baki. Amma in an watse, Lahadin nan ce kawai nake da ita.

Sai Ilu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Shanyewar ɓarin jiki, na hagu. Babban ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Hotoro. A hankali magana ta dawo, ƙafa ta dawo rabi, hannun hagu ya ƙi.

Da na ji likita ya ce zai iya fita shan iska, sai na ɗaura niyya: zan mayar da jirgin nan yadda mai hannu ɗaya zai zauna a ciki kamar gwamna. Na ja shi tudu, cikin lambun wani dattijo da ke ajiye mini shi. Na fara da yoyo, don ina tunanin mutumin da bai gama warkewa ba bai kamata ƙafarsa ta kwana a ruwa ba. Na zaƙulo tsoffin tsummokaran da ke tsakanin katako, wasu na rantse tun na zanin Iya ne. Na narka kwalta a gwangwani na ɗura, na bi da langa-langa na buga ƙusoshi, sannan na samo gam ɗin nan da masu gyaran jikin mota ke shafawa, na shafe cikin jirgin kaf. Warinsa ya sa na wuni ina gaida mutanen da ba su nan.

Daga nan na koma kan tangaɗi. Kwalekwale in mai raunin ƙafa ya taka shi ba daidai ba, kifewa zai yi. Na roƙi shugabanmu na wurin aiki jarkokin da injin ya ɓata wa baki, waɗanda ba za su sayu ba, na toshe su, na ɗaure a jikin gora biyu, na gicciya a gefe da gefe. Yanzu ko saniya ce ta shiga da gudu ba zai motsa ba. Kujera kuwa ta wata adaidaita sahu ce da ta yi ritaya, wani mai walda ya yi mata hannuwa na dafawa, wanda ya sayar mini ya ba ni madubi gyara. Na kafa rumfar tamfol, na ɗaura fitila. Tsohon ƙoƙon Ilu, na duma ne, Iya ce ma ta ɗinke masa tsaga da zare, na wanke shi na rataye a jikin rumfa don ado. Ranar gwaji na shimfiɗa jarida a ciki, na zaga kogi na dawo, na ɗauke ta na karanta.

Na ɗauki hotuna a waya na nufi Hotoro. Na sami Ilu a ƙofar gida kan farar kujera, cikin wankakkiyar riga, an sa masa hula daidai. Ɗansa yaron kirki ne, ba abin da ya rage shi da shi. Ko shayi ba a barinsa ya zuba da kansa, ko buta ba a barinsa ya ɗauka. Na zauna na shiga zuba. Na ce jirgin yanzu sai da biza ake shiga, na ce kifi da kansu suke layi suna roƙon a ɗauke su. Ya saurara har na kai ƙarshe. Na yi shiru ina jiran kalmar nan tasa. Ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaya ko yana yoyo.

Na bugi ƙirji na ce ko ɗigo.

Ya miƙo mini wayar ya ce, "To, Allah ya sanya alheri."

Lahadi na yi shatar adaidaita na je ɗaukarsa, aka ce mura ta kama shi. Ta gaba aka ce ya yi baƙi. Ni kuma, kai, Allah ya shirye ni, sai na koma na ƙara wa kujerar soso. Da na gaji na je na tsare shi, na ce Bawana, wai me na yi maka? Ɗansa yana ta ba ni haƙuri, yana cewa, "Baba Habu, ku bar shi, ba ya son fita ne." Ilu ya ɗaga hannunsa mai lafiya, yaron ya yi shiru.

Ya ce, "Bawana, a nan ma zaune nake. In zama ne, me zai kai ni kogi?"

Lahadin da ta biyo na fita ni kaɗai. Na kai tsakiyar ruwa na tsaya a gaba, ban ko warware birgi ba. Dattijon nan mai lambu yana ƙona ciyawa a gaɓa, hayaƙin ya kwanto bisa ruwa ya same ni. Na ɗaga kai sai idona ya faɗa cikin madubin nan, ga kujera a bayana, da sosonta, da hannuwanta, ga ƙoƙo yana lilo a sama, ga ƙasan jirgi a bushe ƙamas. Ƙararrawa kawai ta rage mini. Shekara da shekaru ina ba da tatsuniyar Jatau a teburin shayi, ina kwaikwayon muryar kifi ana dariya, ashe ban taɓa jin ta ba. Wanda ya ji ta shi ne yaron nan mai sandar juya kifi, kuma tun a daren ya faɗi maganin.

Na juya na koma tudu, na ari guduma da babbar ƙusa wajen mai lambu. Aikin bai zo da sauƙi ba, don gam ɗin nan ya fi tuwon surukar Iya. Sai da na yi gumi kafin ƙusa ta faɗa. Na zare ta, na tura jirgi ruwa, na tsuguna ina kallo. Can sai ga shi ya ɓullo, a hankali, kamar baƙon da ke jin kunyar shigowa.

Da na koma Hotoro ban ɗauki hoto ba. Na shiga da fuskar wanda aka yi wa sata. Na ce aiki ya lalace, gam ɗin jabu ne, jirgi ya koma gidan jiya har ya fi da. Na ce jiya da kyar na kai gaɓa, ruwa har wuya, wata tarwaɗa ta shigo ta zauna a kujerarsa ta nemi in kai ta Tamburawa. Na ce ni dai na rasa yadda zan yi, mutum ba ya jefa birgi yana kwarfa.

Ya saurara har ƙarshe. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ƙarya ne," in ji shi.

Rabona da jin kalmar nan tun kafin ya kwanta. Na ce in ƙarya ne ya zo ya gani.

Ya zo. Ni da ɗansa muka riƙe shi ya taka, jarkoki suka yi aikinsu, jirgi bai ko girgiza ba. Ya zauna, bai kalli rumfa ba, bai kalli fitila ba. Ya sunkuya ya sa yatsa a hudar, ya zagaya bakinta, ga ta a zagaye sumul kamar an auna.

Ya ce, "Gara ce ta ci, ko?"

Na ce gara ce.

"Garar nan ta ci gaba. Har da guduma take yawo."

Ya ce in sauko masa da ƙoƙonsa, ba ado ba ne. Muka shiga ruwa. Yana kwarfa da hannun dama, a hankali, yana ɗiba yana hutawa, rabin abin da ya ɗebo yana komawa kan wandonsa. Ruwa ya kai mana idon sawu. Sau da yawa hannuna ya yi kamar ya kai ga ƙoƙon, na mayar da shi kan birgi. Ina jinsa a bayana yana mita, wai tun da yake bai taɓa ganin aikin banza irin nawa ba, an kashe kwalta an kashe gam, jirgi na shan ruwa kamar raƙumi, in ba don shi ba da tuni mun kwana a ƙasa. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka, ina jin tun ranar aurensa.

Abin da muka kama bai taka kara ya karya ba, 'yan karfasa ne da ƙurungu. Na kasa uku a kan ciyawa. Na faki idonsa zan tura masa wata daga kason jirgi, ya sa sandarsa ya mayar da ita. Ya ce na jirgi na jirgi ne. Ya ƙulle nasa a leda, ya ƙi bari kowa ya riƙe masa. Ɗansa ya gaya mini daga baya cewa da suka isa gida, wando jiƙe sharkaf, tun daga zaure ya fara kiran surukarsa, matar ɗan nasa, yana faɗa mata yadda za a soya, da yawan yajin da za a sa, da wanda za a ba kai.

Ya sake zuwa a ranin nan, ba sau ɗaya ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in na tuna dararen banda, ba tatsuniyar ce ke fara zuwa mini ba. Iya ce, mace mai hannu biyu lafiyayyu, wadda ta yi shekaru tana banda ita kaɗai kafin a haife mu, amma ta dubi yaron da uwarsa ta tafi ta bari, ta ce masa duk gidan shi kaɗai ya iya juya kifi bai fashe ba. Na daɗe ina cewa leburori ta ɗauka. Ashe ita ma hudarta ta bari. Wanda ya fara kasa kifi uku a garinmu ban san shi ba, amma ina jin ya iya liƙe jirgi sarai, ƙi ya yi.

Mai lambu ya sha ce mini in kawo ya toshe mini, aikin minti kaɗan ne. Nakan ce masa sai na samu lokaci. Ranar Lahadi in jefa birgi, in ajiye, in koma baya in kwarfe, in dawo gaba. Wahala ce, kifi kan gudu kafin in gama zirga-zirga. In na fito gaɓa sai in ga na kasa uku ban sani ba, in tsaya kallonsu, sannan in haɗe su wuri ɗaya.

Labari kuwa ban daina ba. A tsakiyar ruwa nakan ɗauko wanda ya fi kowanne girma, in zuba shi da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, in yi shiru, in dubi madubi. Ruwa yana shigowa a hankali, ƙoƙon yana yawo a gindin kujera. Na gwada faɗa wa kaina kalmar nan, ba ta fita daidai. Sai in sunkuya in ɗauki ƙoƙon.